Biko da Sifana

Tun kafin babur ɗinsa ya bar Gummi, Lirwanu ya gama tsara yadda zai dawo da matarsa. Sauran maza in za su biko, goro suke ɗauka da wani dattijo mai iya lallashi. Shi jakar sifanu ya ɗaure a bayan babur, ya gaya wa 'yan majalisarsu su zuba ido, jibi war haka Ummukulsum na ɗakinta, kuma ubanta ne da kansa zai ce ta koma.

Ga wanda bai san shi ba, Lirwanu shi ne mai gyaran injin ban ruwa a fadamar Gummi. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, ya kai riga aka rubuta masa a baya da jan fenti. Duk iliminsa bai wuce robar tif da sabulu ba, sai kuma tsotson tiyo. Inji in ya tashi, ya ce hannunsa ne. In ya mutu, ya ce dama kwanansa ya ƙare. Manoman shinkafa suna kiransa ne kawai don ko ba su kira shi ba zai zo.

Keken ɗinki ne ya kai Ummukulsum yaji. Ana gab da Sallah, kayan mutane jibge a ɗaki, ta yi kuskuren cewa a gabansa keken na ɗan ƙara. Ta leƙa maƙwabta barka, ta dawo ta tarar da keken baje a kan tabarma gunduwa-gunduwa, maigida na fito. Da ya harhaɗa, keke ya daina ƙara kam, don ya daina komai. Ta ɗauki mayafinta ta shiga motar Anka, gidan ubanta.

A majalisa Lirwanu cewa yake shi ya ba ta hutu. Amma in ya shiga gida ya ga murhu a sanyaye, sai kewarta ta kama shi. Yana sonta, son da bai san yadda ake faɗinsa ba. Ita kaɗai ce a duniya take sauraron labarinsa har ƙarshe, ko da tana yi tana dariya, kuma tunda ta tafi abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Wahalar bikon ita ce, Ummukulsum 'yar fari ce a wurin Alhaji Tsoho, tsohon malamin gona, mutumin zamanin da, mai tsananin kunya. Tunda aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyag ga". Mijinta kuwa ko ido ba sa haɗawa. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu sai ta bi ta bakin Dodo, taubashin Alhaji, wani siririn tsoho mai sayar da goro a ƙofar gidan, wanda Allah ya hore wa baki da son ganin abin dariya.

To, a tasha Lirwanu ya ji labarin da ya sa shi ɗaure sifanu: Dattijuwa ba lafiya. Dattijuwa ita ce motar Alhaji, doguwa ƙirar Jamus, ruwan madara, mai shan gas, wadda ya saya tun zamanin jamhuriya ta biyu. Kullum da hantsi sai ya goge ta da kansa kafin ya karya. Yanzu famfon sitiyarinta ya soma yoyo, jan mai na ɗiga a ƙasa, sitiyari ya yi tauri. Bakanikenta na Gusau ya ce sai mako mai zuwa zai taho da sabuwar roba. Ga shi gobe suna a Bukkuyum: Asma, ƙanwar Ummukulsum, ta haifi namiji za a yi wa Alhaji takwara, kuma Alhaji bai taɓa zuwa sha'anin dangi a cikin wata mota ba.

Lirwanu ya iso Anka da hantsi. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin zaure. Alhaji ya juya yana kallon bango.

"Dodo, a tambayi baƙo ƙaƙa hanya."

"Lirwanu, Alhaji na tambayar ƙaƙa hanya," in ji Dodo, alhali tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

"A hwaɗa ma Baba lahiya lau. A kuma hwaɗa mai na ji Dattijuwa na ciwo, shi na niz zaka da kayan aiki."

"Au, ba biko kaz zaka ba?"

"Biko na tahe da kainai, Baba Dodo. Bari dai in tada mota."

Dodo ya isar da saƙo. Alhaji ya saci kallon Dattijuwa. Ya so ya ce a bar masa motarsa, amma yaya mutum zai hana surukinsa na fari abin da ya yi tattaki dominsa? Can ya nisa ya ce, "To."

Dodo ya bi Lirwanu waje ya raɗa masa, "Yaro, na san 'to' ɗin Alhaji tun muna kiyon awaki. Wanga ba na bismilla ba na, na innalillahi na." Lirwanu bai ji ba, ya riga ya ɗage bonet.

Kan ka ce me, unguwa ta taru. Umaru mai shayi ya bar tukunyarsa ya jawo benci. Lirwanu ya naɗe hannun riga, ya dafa wani ƙarfe mai wayoyi ya ce ga mara lafiyar nan.

"Wanga ba na wuta ba na?" in ji Umaru. "Ga inda mai ka ɗiga can ƙasa."

"Gwada ku nike yi, in ga ko akwai mai ido cikinku. Madalla, Umaru, ka ci."

"Ka taɓa gyaran irinta kuwa?"

"Famfo famfo na, malam. Na fadama ruwa shika ja, wanga mai shika ja. Wanda yat tada injin da ka shayar da gonar shinkahwa guda, ɗan wanga abu mai kamar gwangwanin madara za ya gagare shi?"

Ya sa sifana ya kwance babban tiyo. Duk man da ya rage a ciki ya yi tsartuwa, ya wanke masa hannu har gwiwa, ya malale a ƙasa. Jama'a suka ce "Af!" Shi ko gezau, ya ce tsohon jini ne, dama sai an zubar da shi. Ya mayar da tiyo a karkace, ya yanko robar tif ya yi ta naɗe famfon, yana naɗi yana shafa sabulu, har abin ya koma kamar ƙafar da mai ɗori ya gama da ita.

Saura tsotso. A fadama inji ba ya jan ruwa sai an tsotse iskar da ke ciki, kuma Lirwanu bai ga dalilin da zai sa motar Jamus ta fi injin fadama ba. Yana bukatar siririn tiyo. Ya duba ya ga wani ya bi ta bayan inji ya shige cikin mota, ya fizge shi.

"Shi wanga ba shi da aiki?" Dodo ya tambaya.

"Ado na. Bature ba shi son ganin wuri wayam."

Ya shige ƙarƙashin mota ya zura tiyo ya ja da ƙarfinsa na Allah. Ashe akwai sauran mai a maƙale. Sai ga shi ya turo kai waje yana tari, ido ya firfito, jan abu na zuba ta baki da hanci har ƙirji. Wata mai tallan fura da ke wucewa ta saki ƙwarya ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo jama'a! Mota ta kashe surukin Alhaji!"

Kafin a ce mata mai ne, ihun ya shiga cikin gida. Sai ga Ummukulsum a guje, ba takalmi ba mayafi, da ludayi a hannu. Ta ture Umaru, ta zube ta tallafo kan mijinta.

"Wayyo ni, Malam! Malam, buɗe ido!"

Ta kama gefen zanenta tana share masa baki. Sai ta tsaya. Ta kai zanen hanci ta shinshina. Ta dubi jakar sifanu, ta dubi famfon da aka yi wa ɗori, ta saki kan ya bugi ƙasa.

"Ashe mai na. Allah shi ƙara."

Ta shige gida mutane na ta ƙyaƙyata dariya. Amma Lirwanu, kwance a ƙasa da ƙeya na zafi, ya ga hawayen da ke idonta kafin ta juya, kuma daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba. Da mai hankali ne, a nan zai tattara sifanunsa ya nemi gafara. Shi sai ya ji ƙarfin aiki ya ninku.

Bayan azahar mata suka cika bas suka yi gaba zuwa Bukkuyum don aikin girki, har da Ummukulsum da Inna Larai mahaifiyarta. Kayan nauyi suka bari a zaure, a sako su a but ɗin Dattijuwa da safe: buhun shinkafa da jarkar manjan miyar suna.

Yanzu sai man da za a zuba. Umaru ya ce akwai mai shago a bakin tasha yana sayar da na kwalba.

"Da shi aka cutarku shekara da shekaru," in ji Lirwanu. "Ruwa-ruwa na, dole shi yi yoyo, ku koma ku sayi wani. Baba Dodo, ka taɓa ganin tuwo ya yi yoyo?"

"Ban taɓa ba."

"Kunu hwa?"

"Kullum."

"To ka gani. Abu mai kauri muka biɗa, kuma ja."

Yana faɗin haka idonsa ya faɗa kan jarkar da ke zaure. Da aka kira la'asar mutane suka watse wajen alwala, ya sunkuce ta. Niyyarsa ya ɗan tsiyaya kaɗan, wanda ba za a gane ba. Amma yana zubawa ta sama, ƙasa na sha ta ƙasa. Ya ƙara roba, ya ƙara manja. Ya ƙara sabulu, ya ƙara manja. Sa'ad da ɗigar ta lafa, jarka ta koma ba nauyi. Ya cusa ta a but, ya danne da buhun shinkafa, ya tura ƙasa ya rufe inda ya jiƙe, ya ruga ya sami raka'ar ƙarshe.

Da aka fito masallaci ya tada mota. Ikon Allah, sitiyari ya juya, da yatsa ɗaya ma. Jama'a suka ɗauki sowa. Lirwanu ya fito ya jingina da ƙofa yana karɓar gaisuwa.

"A hwaɗa ma Baba ya sallami na Gusau. Gida ya samu injiniya."

Ya murɗa makulli ya zare don ya miƙa wa Dodo. Inji ya ci gaba da ruri abinsa. Ashe siririn tiyon nan da ya fizge ya cusa a aljihu shi ke kashe injin, shi ke kuma taimakon birki.

"Lirwanu, makulli na hannunka, mota na magana."

"Daɗin gyara taj ji, ba ta son yin shiru."

Ya koma ciki da sauri ya sa giya ya saki kuloci, Dattijuwa ta yi tsalle ɗaya ta mutu da shessheƙa. Ya ce haka manyan injiniyoyi ke kashe mota. Daga cikin zaure aka ji Alhaji ya yi gyaran murya.

Da safe awakin unguwar kaf suna ƙarƙashin Dattijuwa suna lasar ƙasa, sai da aka sa sanda. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, manja ya yi barci a cikin famfo. Alhaji ya fito cikin farar babbar riga mai aiki, ya zauna ya kama sitiyari. Ya murɗa, ya sake murɗawa har hularsa ta karkace. Ya fito a hankali ya buɗe ƙofar baya ya zauna.

"Dodo, a ce ma mai gyara shi ja."

Haka Lirwanu ya zama direba, Dodo a gefensa, Alhaji a baya yana jan carbi. Fita daga unguwa sai da samari suka ɗaga gaban motar suka saita ta da titi. Da suka miƙi hanya inji ya ɗau zafi, manja ya farka, sitiyari ya saki. Lirwanu ya fara fito. Ba a jima ba wani ƙamshi ya cika motar.

"Dodo," in ji Alhaji, "ƙosai kat taho da shi kab ɓoye?"

"Ni da nike shirin tambayarka? Lirwanu, wa ka suya?"

"Ƙauyen ga na da munka wuce. Sun iya girki."

"Mun wuce ƙauye tun ɗazu, yaro, ƙamshi na nan zaune tare da mu. Albasa kaɗai tar rage."

Wani kare ya biyo su ya yi ta gudu har ya gaji. Can gaba garken shanu ya tsallaka titi. Lirwanu ya taka birki ya ji kamar ya taka dutse. Ya miƙe tsaye a kansa da ƙafa biyu, kansa na dukan rufi, motar ta tsaya hancinta na shafar wutsiyar wani bijimi. Bafillacen da ke kora su ya leƙo, ya shaƙi iska, ya tambaya ko abincin na sayarwa ne.

"Dodo, a tambayi direba mi yas samu birki."

"Lirwanu, Alhaji na tambayar..."

"A hwaɗa ma Baba sabon gyara na, sai ya saba."

Daga nan famfo ya fara kuka, siririn kuka mai tsawo irin na akuyar da aka raba da ɗanta. Hayaƙi ya soma tsattsafowa ta gefen bonet. A zuciyarsa Lirwanu ya san abu ya lalace. Tsoro ya kama shi, gumi na bin bayansa, yana so ya tsaya ya faɗi gaskiya. Amma in ya faɗa, da wane ido zai nemi Ummukulsum? Alhaji ma ya ga hayaƙin sarai, ransa na ƙuna, kunya ta ɗaure masa harshe. Dodo kuwa ya gyara zama ya ɓare goro.

Suka shiga Bukkuyum rana ta ɗaga. Gidan Nuhu, mijin Asma, yana hagu da titi, da fili a gabansa da wani babban durumi a tsakiya. Malamai da dangi da maƙwabta sun cika tabarmi a inuwar, ragon suna na ɗaure a jikin bishiyar. Musa maroƙi na hango ruwan madara ya zabura ya toshe kunne ɗaya.

"Ga Alhaji Tsoho na Larai! Uban manoma, kakan jariri! Mai Dattijuwa, sannu da isowa!"

Lirwanu ya murɗa hagu. Sitiyari ya ƙi. Robar tif ta narke tun a hanya.

"Baba Dodo, kama mini!"

Suka taru su biyu suka rataya a jikinsa. Aka ji ƙwas! Sitiyari ya tafi hagu har ƙarshe, ya zauna a can. Dattijuwa ta sauka daga titi, ta shiga fili, ta fara zagaya durumi a hankali cikin natsuwa, da mutane a tsakiya.

Zagayen farko ya burge kowa. Aka ce manya ke nan, ba sa tsayawa kai-tsaye. Alhaji ya ɗaga hannu ta taga, aka amsa. Da aka sake zagayowa ya sake ɗagawa, aka sake amsawa, amma masu gefen tabarma sun fara janye ƙafafu. Musa na biye da ita da gudu-gudu, ya yabi uban Alhaji, ya yabi kakansa, ya gangara kan kawunnai.

"Dodo, a ce ma direba mun iso."

"Lirwanu, Alhaji ya ce mun iso."

"A hwaɗa ma Baba wurin aje mota nike duba."

"Alhaji, wai wuri shika duba."

"A ce mai ko'ina ya yi."

Lirwanu ya miƙe a kan birki. A daidai nan babban tiyon da ya ɗaura a karkace ya fashe. Manja mai zafi ya feso ta ƙarƙashin sitiyari ya wanke masa ƙafafu, ya feso ta gefen bonet ya rufe gilashi, iska ta kwaso saura ta taga ta yi wa farar rigar Alhaji zane. Ƙafarsa ta zame daga birki. Ya nemi kuloci, ta zame. Ya zare makulli ya ɗaga shi sama yana kallo, inji na ta ruri.

"Cire giya!" wani ya yi ihu daga waje.

Ya kai hannu a ruɗe ya kunna waifa. Waifa ta shafe manjan a gilashi tas, ko'ina ya yi ja, ba a ganin komai.

Wuri ya hargitse. Malamai suka kwashi takalma suka manne da gindin durumi. Rago ya tsinke igiya ya shiga gaban motar, ya rasa hanyar fita, ya yi ta zagayawa ita ma tana bin sa. Musa ya ƙare dangin Alhaji kaf, ya koma yabon motar, ya koma yabon ragon, daga ƙarshe ya dafa gwiwa yana haki ya ce, "Alhaji, don Allah ka sauka, kirari ya ƙare!"

"Dodo," in ji Alhaji, "a tambayi mutumen ga ko yana da niyyar tsayawa yau."

"Tambaye shi da kanka, ni kalmar shahada nike yi!"

Mata suka fito daga cikin gida. Inna Larai ce ta yi dabara, ta sa aka mirgino babban turmi aka tura shi gaban taya. Taya ta daki turmi, sitiyari ya warware da kansa ya bugi Lirwanu a haɓa, Dattijuwa ta miƙe sak. Ta bi ta kan tabarmar da ba kowa, ta ratsa tsakanin tukwane biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta je ta cusa kai cikin tulin buntun shinkafa da ke bayan injin casa. Inji ya shaƙi buntu, ya yi tari, ya yi shiru.

Ƙofa ta buɗe. Lirwanu ya fito, manja daga sama har ƙasa, buntu ya manne masa ko'ina kamar tsiren da aka barbaɗe da ƙuli. Ya dubi taron, ya gyara wuyan riga.

"Alhamdu lillahi. Kun dai gani da idonku, sitiyari na juyawa."

Sai ga Ummukulsum ta ratso mutane ta iso. Ta dangwali bonet da yatsa ta kai hanci. Ta zagaya ta buɗe but, ta ture buhun shinkafa, ta ɗago jarka da yatsa biyu ta girgiza ta a gaban kowa.

"Tun sahe muke jiran manjan miya," ta ce. "Ashe mota anka yi ma girki."

Dariyar da aka yi har masu kasuwa sun jiyo. Wani malami ya zauna a ƙasa yana share hawaye da rawani. Lirwanu ya share buntun da ke fuskarsa. Ya dubi Ummukulsum, ta kau da kai. Ya tuna murhun nan mai sanyi, ya san shi ke nan, ya kashe aurensa da hannunsa. Ya durƙusa a gaban Alhaji, wanda ya fito yana tsaye, yana kallon rabin motarsa da ya rage a waje.

"Baba Dodo," ya ce da ƙaramar murya, kuma wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, "a hwaɗa ma Baba na yi laihi. Ba ni komawa Gummi sai na biya. Zan zauna gidanai ko wata nawa na, in sake kwance Dattijuwa tun daga hwarko. Na ga janareto nai na hayaƙi, in gyara. Da firjin Inna. Da rediyon da shika jin labaru. Komi na gidan sai na taɓa shi, kyauta."

Dodo ya juya zai isar. Ba a bukata, Alhaji ya ji. Idonsa ya yi waje, leɓensa na motsi, ana gani yana lissafa abin da ya mallaka ɗaya bayan ɗaya. Dodo ya miƙo kunne don karɓar amsa. Alhaji ya sa hannu ya ture shi gefe.

"Ummukulsum!"

Inna Larai ta dafe ƙirji. Jarka ta suɓuce daga hannun Ummukulsum. Tunda ta zo duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin ubanta ba, har ta waiga ko wata ake kira.

"Na'am, Baba," ta ce, hawaye na zubo mata.

"Ummukulsum, ɗiyata, don girman Allah ki koma ɗakinki. Yau. Yanzu. Keke ni ka saya miki sabo. Babur nai a aika mai da shi. Ki tahi da mijinki Gummi, ki riƙe shi can, kar ki bari shi kwana kusa da janaretona."

Dodo ya gyara murya. "Lirwanu, Alhaji ya ce..."

"Na jiya, Baba Dodo. Wanga na jiya da kunnena."

An yi suna, an kamo rago a bayan masallaci, miya kuma da man gyaɗan maƙwabta aka yi ta. Dattijuwa sai da shanun huɗa suka jawo ta daga buntu, kuma ko bayan na Gusau ya gama da ita, ta daɗe in ta wuce yara na cewa ana suya.

Da la'asar mata da miji suka shiga motar haya zuwa Gummi. Jakar sifanu na kan cinyar Ummukulsum, ta riƙe ta da hannu biyu, ƙullin naman suna a sama. Jefi-jefi sai ta yi murmushi ita kaɗai, ta share ido da gefen mayafi. Lirwanu ya yi ta satar kallonta, farin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Bai iya daurewa ba.

"Kin dai ga aikina. Na ce Baba da kainai za ya ce ki koma, ya ce ko bai ce ba? Shekara nawa ana biɗar wanda za ya sa shi kama sunanki? Sai da injiniya ya zaka."

Ta gyara riƙon jakar. Motar ta faɗa wani rami, wani abu ya yi ƙara a ƙasa. Lirwanu ya kasa kunne, ya miƙa wuya gaba.

"Direba, ina jin wata 'yar ƙara. In ka samu wuri ka..."

Suna kan gadar gulbi a lokacin. Ummukulsum ta sauke ƙullin nama a hankali, ta zuge gilashi, ta cilla jakar. Aka ji tsulum daga ƙasa. Ta rufe gilashi ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

"Malam, yau Baba ya kama sunana gaban mutane, kuma na ji daɗi. Ka sake taɓa kekena, ni ma in kama sunanka, tsakiyar kasuwar Gummi, ranar kasuwa."

Ta kwance ƙullin ta miƙa masa tsoka. Lirwanu ya karɓa da hannu biyu ya sa a baki, bai sake cewa uffan ba har suka isa gida ta hura wuta.